Kwana a bakin kogi cikin keɓaɓɓen daji: me za a kiyaye?

Auwalu: Salamu alaikum. Ga wanda zai yi kwana biyu a keɓaɓɓen daji mai kogi da hanyar ƙafa, me zai kiyaye don kada ya ɓata wurin?

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Auwalu, riƙe lamba ɗaya: mita 60, kusan taku 70 na babban mutum. Tanti, bayan gida da wanke-wanke duk su yi wannan nisa da ruwa. Saiwar ciyawa ce ke riƙe da gaɓar kogi. In aka tattake ta, ruwan sama sai ya zaftare ƙasar, laka ta binne tsakuwar da wasu kifaye ke zuba ƙwai a kai. Don bayan gida a haƙa rami mai zurfin santimita 15 zuwa 20, saboda a ƙasar sama ne ƙwayoyin da ke ruɓar da ƙazanta suka fi yawa. In an gama a mayar da ƙasa, takardar da aka goge da ita kuma a ƙulle ta a leda a fita da ita.

Hajiya Binta: Ƙari a kan na Malam, sabulu kada ya taɓa kogi, ko da an ce mai ruɓewa ne, don sai a cikin ƙasa yake ruɓewa. Ɗebi ruwa ka je nesa ka wanke kwanuka, ka tace guntun abinci, sannan ka warwatsa ruwan. Ruwan sha kuwa ya tafasa minti ɗaya cur, ko minti uku in wurin ya haura mita 2,000 bisa teku.

Auwalu: Hajiya, in hanya ta yi taɓo fa, a ratse ta gefe?

Hajiya Binta: A'a, ƙanena, bi ta tsakiya, ai takalmi yana wankuwa. Kowa ya ratse, hanyar mutum ɗaya sai ta zama ta mutum uku. Wanda ya fi damuna shi ne yanke a kan gangare inda hanya ta yi kwana. Sawun nan shi ruwa zai bi, a hankali ya zama kwazazzabo.

Baba Audu: Masu kwale-kwale, kafin ku sauya kogi ku wanke shi, ku tsiyaye ruwan ciki, ku shanya shi ya bushe ƙarau, har da igiya da filafili. Ɗan tsiron kainuwa da ya maƙale ya isa ya yaɗu a sabon ruwa. Zaren fatsa da ya tsinke a kwashe shi, yana harɗe ƙafar tsuntsu. Rigar ceto kuma a jiki take amfani, a ɗaure ta tun kafin a shiga.

Malam Habu: Gaskiyarka, Baba. Sai batun wuta: in dokar wurin ta yarda, a hura a tsohon murhu, da busasshen icen da ya faɗo wanda bai wuce kaurin wuyan hannu ba. Kafin a tashi a kwara ruwa, a juya tokar, a sake kwarawa har sai an taɓa an ji sanyi.