Ni ne gola, kuma a ragata suke so a binne ƙullin

Golan Aji Uku: Salama gare ku 'yan'uwa cikin Kristi. Ina aji uku a wata jami'a a nan Arewa, ni ke tsare ragar ƙungiyar makaranta. Babana dattijon ikilisiya ne a ECWA, tun ina firamare ba ya ƙaunar ƙwallon nan, ya sha ɓoye min takalmi. Mama ce ta saya min safar gola ta farko da kuɗin kunun da take sayarwa, har yau bai sani ba. Yanzu ya yi ritaya, fansho sai a hankali, ga ƙannena mata a sakandare. Albarkacin ƙwallon ne nake samun gado a ɗakin kwanan ɗalibai da ɗan alawus lokacin sansani. Haya a waje ta fi ƙarfinmu.

Muna shirin NUGA, gasar wasannin jami'o'in Najeriya. Koci ya sa atisaye safiyar Lahadi, sai taron yamma na FCS, zumuntar ɗalibai Kirista, nake samu. Wannan ma da sauƙi. Kyaftin da manyan 'yan wasa sun haɗa kuɗi sun karɓo ruwa a gora da wani ƙulli. Ruwan kowa zai shafa a ƙafa, ƙullin kuma ni zan binne a gindin raga. Sun ce in na ƙi aka zura mana, jinin yana kaina. Barci ya ƙaurace min. Me zan yi?

Baba Mai Wa'azi: Ɗana, ba daga ƙullin matsalarka ta fara ba, daga Lahadin da ka ce da sauƙi ta fara. Eric Liddell ɗalibi ne kamarka a Jami'ar Edinburgh. A gasar Olamfik ta Faris a 1924 an sa zagayen farko na tseren mita 100 ranar Lahadi, ya ce ba zai yi ba. Ya shiga mita 400, ya ci zinariya. Daga nan ya tafi Sin aikin bishara, ya rasu a sansanin Japanawa a 1945. Ajiye safar nan ka fita daga cikinsu.

Tsohon Lamba Shida: Baba, da girmamawa, Liddell ya san jadawalin watanni kafin gasar, kuma yana da wani tseren da zai koma. Gola ina zai koma? Na buga wa makarantata a zamanina. Ƙanina, je ka sami koci kai kaɗai, sau da yawa ba da saninsa ake irin wannan ba. Batun Lahadi kuwa, Ubangiji da bakinsa ya ce Asabar domin mutum aka yi ta, duba Markus 2:27. Jonathan Edwards, ɗan wasan tsalle na Ingila, ya ƙi shiga gasar duniya ta 1991 saboda Lahadi, a 1993 ya fara shiga gasa ranar Lahadi, a 1995 ya yi tsallen mita 18.29 da har yau ba a karya ba.

Baba Mai Wa'azi: Ka ƙarasa labarin mana. Shi Edwards ɗin daga baya ya fito ya ce ya daina ba da gaskiya. Haka ake zamewa, kaɗan-kaɗan.

Maman 'Yan Biyu: Ku dattawa kun iya cewa yaro ya bari. Ɗana ya je buga wasa wata Lahadi, faston mu ya kira sunansa a kan bagadi gaban jama'a. Tun ranar bai sake taka majami'a ba. Da kuɗin makarantarsa ya gagara, ko dattijo ɗaya bai leƙo gidana ba, alhali ni ke share cocin nan duk Asabar da 'yan zumuntar mata. In yaron nan ya rasa gado, wa zai biya masa haya?

Golan Aji Uku: Baba, ban bar sujada ba. Ni ke jan addu'a kafin mu shiga fili, har yara biyu na kai FCS. In na fita wa zai yi wannan? Yayana Lamba Shida, koci kuma ba mutumin da ake tunkara ba ne, akwai gola na biyu yana jira.

'Yar Zumunta: Tambaya ɗaya, ɗan'uwa. Da ana haɗa kuɗin, kai ka ba da naka? Kuma wannan ne karo na farko da aka kawo ruwan?

Tsohon Lamba Shida: Babu Musulmi a ƙungiyar? A namu lokacin su suka fara cewa shirka ce, ba za su shafa ba. Muka haɗu da su muka ƙi tare, kyaftin ya rasa ta cewa. Ka nemi ko mutum uku.

Baba Mai Wa'azi: Ba ya bukatar rakiyar kowa kafin ya ƙi. Maimaitawar Shari'a 18 ta hana duba da sihiri ƙarara. Taribo West, wanda ya ci zinariya da Najeriya a Atlanta a 1996 ya kuma buga wa Inter Milan, da bakinsa ya faɗa wa duniya yadda ya yi ta amfani da asiri, yau fasto ne. Wanda ya shiga ya fito yana gargaɗi, kai kana lissafin gado? Mama, abin da faston ku ya yi bai dace ba, amma ba shi zai halatta ƙulli ba.

Maman 'Yan Biyu: Ni ban ce ya binne ba. Cewa na yi ku ciro kuɗin haya tukuna.

Golan Aji Uku: Akwai Musulmi biyu da na ga sun ja baya da aka fito da gorar, amma sababbi ne, ba su da baki a ƙungiyar. Abin da nake tunani shi ne in karɓi ƙullin in jefar a hanya, kowa ya zauna lafiya. Ai ban binne ba.

Baba Mai Wa'azi: Ka guje wa tsafi ka faɗa ƙarya ke nan. In kuka ci wasan, wa za su gode wa?

'Yar Zumunta: Ɗan'uwa, har yanzu ba ka amsa tambayata ba.

Golan Aji Uku: Jibi ne wasan gwaji. Ku dai sa ni a addu'a. Mama, in akwai mai ɗaki kusa da makaranta, a yi min magana ta akwatin saƙo.