Haɗa muryar 'yan siyasa cikin wasan kwaikwayo na rediyo, ya ake yi?

Sadiq_Fagge:
Salam jama'a. Ni da abokaina muna son mu fara wani ɗan shiri na murya zalla, minti biyar zuwa bakwai, mu dinga sakewa a WhatsApp. Tsarin shi ne mu tattaro alƙawuran da 'yan siyasa suka yi lokacin kamfen da bakinsu, mu yayyanka, sai mu sa wasa a tsakani, misali mai shayi da kwastomansa suna lissafin kuɗin biredi sai muryar mai girma ta faɗo tana cewa za a samu sauƙi. To tambayata biyu ce, da me ake haɗawa a waya, kuma akwai matsala ta fuskar doka?

Baba Ilu Kaduna:
Yaro abin da kake son yi ba baƙo ba ne a wajenmu. Mu da muka tashi da Rediyo Kaduna mun san marigayi Usman Baba Pategi, Samanja, soja ne da kansa kuma a zamanin mulkin soja yake wasa da halin soja, su kansu 'yan bariki suna dariya. Kafin rediyo ma akwai tashe da azumi, akwai wasan gauta a gidan sarauta inda ake kwaikwayon sarki da hakimansa yana ji yana gani. Amma ka lura su hali suke kamawa, ba sa kama suna. Ku ƙirƙiri ciyaman ɗinku na ƙarya ku ba shi tumbi da jiniya da 'yan korensa, wallahi kowa zai gane wanda ake nufi.

Maman Hanifa:
Kwamfuta ta fi daɗi, manhajar haɗa sauti ta Audacity kyauta ce. In waya ce CapCut ma tana yi sai ka fitar da sautin kawai. Ku yi rikodin a ɗaki mai katifa da labule, ku kashe fanka, ƙarar kofi da cokali kuma ku yi ta da hannunku kusa da wayar ta fi wadda ake saukowa daga intanet.

Sai dai ƙanina inda nake jin tsoro shi ne yankan. Idan mutum ya ce "ba zan ƙara haraji ba" ka cire "ba" ɗin nan guda biyu ka sa masa magana a baki kenan, wannan ƙage ne, kuma yanzu da ake ta haɗa muryoyin bogi da AI mutane sun fara ɗari-ɗari da duk abin da suka ji. Ka bar jimlarsa cikakkiya, ka faɗi rana da wurin da ya yi ta. Dubi jawabin Tinubu na 29 ga Mayu 2023 da ya ce tallafin mai ya tafi, ka sa shi yadda yake sannan ka biyo da ɗan adaidaita sahu yana ciniki da fasinja, me kuma za ka ƙara?

Abba Lauya:
Kar ka ɗauki maganar doka da wasa musamman a Kano. A 2022 kotun majistare ta sa an yi wa wasu matasa biyu bulala ashirin-ashirin saboda bidiyon barkwanci da suka yi a TikTok kan Ganduje yana gwamna. Ɓata suna laifi ne a Penal Code, wato kundin dokokin hukunta laifuka na Arewa, ga kuma dokar laifukan intanet ta 2015 da aka sha kama mutane da ita. In kuna son gidan rediyo ya ɗauka su ma NBC, hukumar da ke sa ido kan gidajen rediyo da talabijin, tana kansu, sai sun tace kafin su sa. Ku adana asalin kowane jawabi ba yanka, in an zo tambaya shi ne hujjarku.

Sadiq_Fagge:
Na gode ƙwarai. Baba za mu yi ciyaman ɗin, amma muryoyin gaskiyar nan ba zan iya barinsu ba don su ne gishirin abin, sojojin baka kullum suna rediyo suna musanta abin da iyayen gidansu suka faɗa, gara mutane su ji da kunnensu. Aunty in mun gama na farko zan turo miki ki duba mana sautin.