Rabon kwaɗo ba ya hawa sama: kwanciyar hankali ko uzurin malalaci?

Mai tambaya: Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Ina neman ƙarin haske a kan karin maganar da ake cewa rabon kwaɗo ba ya hawa sama, domin na ga wasu sun mai da ita matashin kai, sun zauna ba sa neman komai, alhali kuwa Hausawan da suka faɗe ta su ne suka ce zomo ba ya kamuwa daga zaune.

Wani dattijo ɗan kasuwa: Wa alaikumus salam, ɗana. Ba a faɗin wannan magana kafin a fita nema, ana faɗinta ne bayan an yi iya yi. A Kantin Kwari za ka ga shaguna biyu jere, atamfa iri ɗaya, farashi ɗaya, mai saye ya tsaya a gabanka ya ɗaga turmi ya duba, ya taya, sannan ya wuce ya saya a wurin maƙwabcinka. Idan ba ka da abin da za ka faɗa wa zuciyarka a wannan lokaci, hassada za ta shiga, ka koma gida ka kasa barci, gobe kuma gaisuwar maƙwabcin ta yi maka nauyi. Wanda ya yarda cewa cinikin nan ba rabonsa ba ne yakan rufe shago da yamma zuciyarsa wasai.

Wata malamar makaranta: Baba, na yarda da bayaninku, amma ina da ja a wuri guda. Idan mutum ya faɗa wa kansa, magani ce. Idan kuwa mai hali ya riƙe haƙƙin lebura ko albashin ma'aikaci, sannan ya ce masa ya yi haƙuri, rabonsa ba zai wuce shi ba, to ya ɗauki maganar hikima ya rufe zalunci da ita, kuma wannan yana ci mini rai ƙwarai.

Wani ɗalibin ilimi: Malama ta yi gaskiya. Hadisin Abu Huraira da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya nuna cewa wadata ba yawan dukiya ba ce, wadatar zuci ce, sai dai babu inda aka ce mai wadatar zuci ya bar haƙƙinsa a hannun wani.

Mai tambaya: To, Baba, yaya mutum zai gane ya yi iya yinsa, ba kasala ce ta lulluɓe shi ba?

Dattijon: Ka duba ko washegari ka sake buɗe shagon da sassafe, ɗana. Malalaci yakan faɗi maganar ya koma ya kwanta.