Neman shawara: da wane ma'auni za mu gwada Sobers, Imran da Kallis?

Malamin wasanni:
Assalamu alaikum ’yan uwa masu bin wasan kurket. Ɗaliban kulob ɗin kurket na makarantarmu za su yi muhawara kan wane ne ya fi a cikin ’yan wasan da suka haɗa bugu da jifa, waɗanda ake kira olraunda. Sunaye bakwai muka tsayar: Keith Miller, Garfield Sobers, Imran Khan, Ian Botham, Kapil Dev, Richard Hadlee da Jacques Kallis. Inda gizo ke saƙar shi ne ba zamani ɗaya suka yi ba. Miller ya bar wasan Tes a 1956, Kallis kuwa sai a 1995 ya fara. Wane ma'auni zan ba yaran nan da zai yi wa kowa adalci? Kuma wane kuskure ya kamata su kauce wa? Allah ya saka da alheri.

Mai lissafi:
Wa alaikumus salam Malam. Ka fara da wasan Tes kaɗai, mai kwana biyar, domin shi ne dukansu bakwai suka buga da yawa. Kowane ɗan wasa a fitar masa da lamba biyu. Ta farko matsakaicin bugu: makin da ya ci, a raba da sau nawa aka fitar da shi. Ta biyu matsakaicin jifa: makin da aka ci a kansa, a raba da wiket ɗin da ya ɗauka, wato yawan masu bugu da ya fitar. Ta farko ana son ta yi sama, ta biyu ta yi ƙasa. Sai a cire ta biyu daga ta farko.

Sobers ya buga Tes 93, maki 8,032 a kan 57.78, wiket 235 a kan 34.03, tazara 23.75. Kallis Tes 166, maki 13,289 a kan 55.37, wiket 292 a kan 32.65, tazara 22.72. Imran 37.69 da 22.81, tazara 14.88. Miller 36.97 da 22.97, tazara 14 cif. Botham ya tashi da 5.14, Hadlee 4.87, Kapil 1.41. Yaran su yi lissafin da hannunsu kafin ranar muhawara, kada a miƙa musu sakamako a dafe.

Kociyan masu jifa:
Mai lissafi, lambobinka daidai ne, amma in aka tsaya a kansu za a cuci masu jifa. Dalili kuwa, matsakaicin bugu yana da sararin hawa har 55 ko 60, shi kuwa na jifa da wuya ya sauka ƙasa da 20. Saboda haka debewa kullum tana ɗaga wanda bugu ne asalin sana'arsa. Malam, ka sa su yi rabawa maimakon debewa. Sobers 1.70, Kallis 1.70, Imran 1.65, Miller 1.61. Ka ga tazarar ta tsuke ƙwarai.

Abu na biyu, kuma shi ne na fi so ka riƙe: a duba nauyin da mutum yake ɗauka a kowane wasa. Ba a cin Tes sai an fitar da mutum 20 na abokan hamayya, in ba su ne suka rufe zubinsu (zagayen bugunsu) da kansu ba. To, wiket nawa kowannensu ke kawowa a wasa ɗaya? Hadlee 431 a wasa 86, biyar ke nan. Imran 362 a 88, huɗu da ɗan ɗoriya. Botham 383 a 102, kusan 3.8. Kapil 434 a 131, wato 3.3. Miller 3.1. Sobers 2.5. Kallis 1.8. Sau biyar kacal Kallis ya ɗauki wiket biyar a zubi ɗaya cikin wasa 166, Hadlee ya yi sau 36, Botham 27, Imran da Kapil 23 kowannensu.

Wannan ba zargi ba ne ga Kallis. A ƙungiyar Afirka ta Kudu akwai Allan Donald da Shaun Pollock, daga baya Makhaya Ntini da Dale Steyn da Morne Morkel. Shi mai jifa na huɗu ne, wani lokaci na biyar, aikinsa ya ba manyan hutu ya kuma raba abokan bugu biyu da suka zauna daram. Ya jefa ƙwallo 20,232, kusan 122 a wasa. Sobers ya jefa 21,599 a wasanni ƙasa da na Kallis da 73, wato kusan 232 a wasa, ninki biyu saura kaɗan. Amma shi ma akwai abin da za a faɗa a kansa: sai ya jefa ƙwallo kusan 92 kafin ya fitar da mutum ɗaya, Kallis 69, Imran 54.

Tsohon alƙalin wasa:
Malam, tambayarka a kan zamani take, bari in tsaya a nan. Dokoki da kayan wasa sun canza, kuma kowane canji akwai wanda ya ci ribarsa.

Hular kwano sai a ƙarshen shekarun 1970 ta shigo. Sobers ya yi ritaya a 1974, duk makinsa da hular ƙyalle ya ci su, ko ma kai ba hula. Dokar taƙaita ƙwallon da ake dokawa a ƙasa ta taso wa mai bugu a kai kuwa sai a 1991 aka kawo ta. Duk wanda ya san wasan ya san mai bugu da ke tsoron kansa ba ya sa ƙafa gaba da sakin jiki. A Ingila har cikin shekarun 1970 ba a rufe tsirin tsakiyar fili gaba ɗaya in ruwa ya sauko ana cikin wasa. In rana ta fito bayan ruwan, saman ƙasar ya bushe ƙasansa da laima, ƙwallo ta riƙa kamawa tana tsalle yadda ba a zata. Miller da Sobers sun yi bugu a irin wannan fili, amma a tuna sun yi jifa a kansa su ma. Yaro ba zai ce filin ya wahalar da bugun Sobers ba tare da yarda ya sauƙaƙa jifansa ba. Wannan kuskuren ne na fi gani a irin wannan muhawara: ana ɗaukar rabin hujja.

Sai alƙalanci. Kafin 1994 galibi alƙalan gida ne ke hukunci, a 1994 aka sa ɗaya daga wata ƙasa, a 2002 aka mayar da su duka biyu. Bitar hukunci ta na'ura ta fara a 2008, ta kuma taimaki masu murza ƙwallo (masu jifa a hankali suna juya ta) wajen samun hukuncin tare sandunan wiket da ƙafa, wanda a da alƙali kan hana in mai bugu ya taka gaba sosai. Kada kuma a ƙirga oba (jerin ƙwallo, yawanci shida, da mai jifa ke jefawa a jere), a ƙirga ƙwallo, domin a Ostiraliya oba ƙwallo takwas ce har kakar 1978 zuwa 1979.

Hanyar da ta fi: kowa a auna shi da tsararrakinsa. A ɗauki shekarun da ya buga, a fitar da matsakaicin duk masu bugu na ɗaya zuwa na shida a waɗannan shekarun, a ga da kashi nawa ya wuce su. A yi haka ga jifa. Shekarun 1950 lokaci ne na ƙarancin maki, shekarun 2000 na yalwarsa, don haka 37 na Miller ya fi nauyi fiye da yadda yake a takarda.

Mai lissafi:
Na karɓi gyaran Kociya. Ga wani tarko kuma a cikin matsakaicin bugu kansa: zubin da mutum ya gama ba a fitar da shi ba, ba ya shiga abin rabawa. Imran ya yi zubi 126, a 25 ba a fitar da shi ba. Botham ya yi 161, a 6 kawai. In ka raba maki da zubi gaba ɗaya, Imran 3,807 zai ba ka 30.2, Botham 5,200 zai ba ka 32.3. Matsakaici ya ce Imran ya fi da maki huɗu, amma Botham ya fi kawo maki a duk fita, kuma ya ci maki ɗari a zubi ɗaya sau 14, Imran sau 6. A ajiye lambobin biyu gefe da gefe.

Yaya mai bin Indiya da Pakistan:
Ina so in yi magana kan ganiya, domin jimillar rayuwar ɗan wasa tana ɓoye abubuwa. Botham ya kai maki 1,000 da wiket 100 cikin Tes 21 kacal. A Bombay a 1980 ya ci 114 ya ɗauki wiket 13 a wasa ɗaya, a Headingley a 1981 ya ci 149 ba a fitar da shi ba bayan an tilasta wa Ingila sake bugu, suka doke Ostiraliya. Daga tsakiyar shekarun 1980 ciwon baya da nauyin jiki suka rage shi, lambobinsa suka yi ta sauka har 1992. Kuma bai taɓa cin ɗari a kan Wes Indis, ƙungiyar yankin Karebiya, ba, alhali su ne zakarun zamanin. Imran akasinsa ne: ya fara a 1971 da rauni a ɓangarorin biyu, ya gyaru da shekaru. A Tes 48 da ya yi kyaftin, bugunsa ya haura 52, jifansa kusan 20. Sai dai a lura, ganiyar jifansa da ta bugunsa ba su haɗu gaba ɗaya ba. Bayan ya ɗauki wiket 40 a kan Indiya a kakar 1982 zuwa 1983, tsagewar ƙashin ƙwauri ta hana shi jifa na dogon lokaci, bugun nasa kuma a shekarun ƙarshe ya fi nuna. Olraunda na gaske shi ne wanda ke yin abu biyun a lokaci guda, saboda haka ka ba yaran aikin su zaɓi Tes 30 a jere mafi kyau na kowane ɗan wasa, su fitar da lambobin biyu daga cikin waɗannan 30 ɗin kaɗai.

Kapil kuwa, 1.41 ɗin nan ba ta faɗi gaskiyarsa ba. Mai jifan gudu ne da rabin wasanninsa a filayen Indiya masu ƙura, inda ƙwallo ke mutuwa bayan oba goma sha, ba shi da abokin jifa na tsawon lokaci irin Bob Willis da Botham ya samu ko Wasim Akram da Imran ya samu, kuma bai taɓa rasa Tes saboda rauni ba. Har yau shi kaɗai ya haɗa maki 5,000 da wiket 400 a Tes.

Malamin wasanni:
Na gode ƙwarai, na ƙaru. Saura abu biyu. Yaran za su kawo Ben Stokes da Shakib Al Hasan domin su suke gani a waya. Kuma za su ce Kapil ya ci Kofin Duniya a 1983, Imran a 1992. In haɗa wasan kwana ɗaya a lissafin?

Tsohon alƙalin wasa:
A'a Malam, kada ka haɗa su a tebur ɗaya. Wasan kwana ɗaya na ƙasa da ƙasa a 1971 aka fara shi, Kofin Duniya a 1975. Miller bai gan shi ba, Sobers sau ɗaya tak ya buga. In ka haɗa, ka hukunta su kan ranar haihuwarsu. Buɗe masa zagaye na daban, kuma ma'auninsa daban ne: a can saurin cin maki da taƙaita makin abokin hamayya a kowace oba sun fi matsakaici muhimmanci. A wannan zagayen ne za a kawo 175 na Kapil a kan Zimbabuwe a 1983, lokacin da Indiya ta rasa mutum biyar da maki 17, da makin Kallis 11,579 da wiket 273, da Shakib a Kofin Duniya na 2019 inda ya ci maki 606 ya ɗauki wiket 11.

Stokes za a iya sa shi a teburin Tes, amma a rubuta ranar da aka ɗauki lambobinsa. Irinsa irin Botham ne, matsakaici ba ya nuna shi, wasanni ɗaiɗai ne ke nuna shi, kamar 258 a Cape Town a 2016 da 135 a Headingley a 2019.

A kuma gaya wa yaran akwai wasannin da ba sa cikin lissafin Tes ko kaɗan. Gasar da attajirin Ostiraliya Kerry Packer ya shirya da kansa daga 1977 zuwa 1979, wadda Imran ya buga, ba a ƙirga ta. Haka 254 da Sobers ya ci wa ƙungiyar Sauran Duniya a Melbourne a farkon 1972. Mike Procter na Afirka ta Kudu Tes bakwai kawai ya samu, da wiket 41, kafin a dakatar da ƙasarsa saboda wariyar launin fata. In kuma akwai ’yan mata a kulob ɗin, ka ba su Betty Wilson ta Ostiraliya: a 1958 ta ci ɗari ta ɗauki wiket 11 a Tes ɗaya, shekara 22 kafin Botham ya zama namiji na farko da ya haɗa ɗari da wiket goma.

Kociyan masu jifa:
Malam, ga yadda zan tsara maka ranar. Ka raba su gida biyu tun farko: waɗanda bugu ne ginshiƙinsu, Sobers da Kallis, da waɗanda jifa ne ginshiƙinsu, Imran, Botham, Kapil, Hadlee, Miller yana tsakani. Kowane yaro ya amsa tambaya ɗaya game da gwaninsa: in aka hana shi babbar sana'arsa, ƙaramar za ta ba shi gurbi a ƙungiyar ƙasarsa? Hadlee zai faɗi a nan, ɗari biyu kawai ya ci kuma matsakaicinsa 27.16. Kallis zai sha muhawara. Sobers zai wuce, domin a 1954 a matsayin mai murza ƙwallo aka fara ɗaukarsa yana ɗan shekara 17, ya shiga bugu a na tara, daga baya ya koyi jifan gudu da hannun hagu har yana buɗe jifa da sabuwar ƙwallo, ga murzawa iri biyu, ta yatsa da ta wuyan hannu. Ni a ganina shi ne na ɗaya, Imran na biye, domin kyaftin da ke da Sobers yana da mutum uku a gurbi ɗaya. Wanda zai kare Imran ya tsaya kan wiket huɗu a wasa da 22.81, wanda zai kare Kallis ya tsaya kan ɗari 45, cafka 200 da shekara 18 yana yi. Ba kowane ɓangare minti biyar na hujja da biyu na martani, kuma duk lambar da yaro ya ambata ya faɗi daga Tes nawa aka fitar da ita.