Zan tafi Babbar Sallah Magarya, yaya zan yi da itatuwan filina?

Baban Nana

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa shiga irin wannan hali, domin Sallah ta matso kuma ban yanke abin da zan yi ba. Ina da fili a bayan garin Damagaram ta hanyar Mirya, ban samu ikon gina shi ba tukuna, sai katangar da na kewaye shi da ita, ita ma ba ta wuce kafaɗar mutum ba. A ranar 3 ga Agusta ta bara waccan, ranar da ake dashen itatuwa a ƙasar nan ta Nijar, na dasa mangwaro mai aure guda 6, da lemun tsami 3, da gwaiba 2, sai dogon yaro 4 a jikin katanga da layi ɗaya na zogale. Dukansu suna cikin ƙasa, sun kama sosai. Babu famfo a wurin, ƴan garuwa nake biya, kuma babu ɗaki ko rumfar da mutum zai kwana.

Bana mahaifiyata ta ce lalle in kai mata jikokinta Magarya mu yi Sallah tare, kuma zan yi kwana goma ban dawo ba. Mai filin da ke maƙwabtaka da nawa ya gaya mini cewa a makon Sallar bara aka haura masa aka tone lemunsa, aka kuma sassare masa dogon yaro. Kuɗin da ya rage mini bayan rago da ɗinkin yara zai isa abu ɗaya ne kawai: ko in ɗauki mai gadi na kwanakin, ko in ƙara waya a kan katanga. Wanne ya fi amfani a wurin waɗanda suka gwada?

Maman A'isha ta Zango

Wa alaikumus salam, Malam. Ni duk lokacin da zan yi tafiya, nakan kwashe tukwanen furannina da lemuna in kai su gidan yayata, ta riƙa zuba musu ruwan wanke-wanke da yamma, kuma ban taɓa rasa ko ɗaya ba. Ka samu wani ɗan'uwa mai babban tsakar gida ka kai masa su, hankalinka zai kwanta.

Ɗan Garin Malam

Mai gadi ba shi da tsada kamar yadda kake tsammani. Wanda yake tsaron kangon yayana jika 15, wato sefa dubu 15, ake ba shi a wata, saboda haka kwana goma bai kamata ya wuce jika 5 ba, sai ɗan abin shayi. Matsalar ita ce yawancin masu gadin nan mutanen ƙauyukan kewaye ne, su ma gida suke komawa yin Sallah, wanda ya yarda ya zauna kuwa zai ce sai an ninka masa.

Hajiya Inna ta Birni

Ɗana, ka saurare ni, domin abin da kake tsoro ya riga ya same ni, kuma da mai gadi a wurin ya same ni. Marigayi maigidana ne ya fara dashen a filinmu shekara biyu kafin rasuwarsa. Shi da kansa ya je Mirya ya zaɓo mangwaro masu aure, kuma a kowane ɗaya ya ɗaura ƙyallen shuɗiyar atamfata a daidai gaɓar auren, don kada yara su ruɗe su yanke reshen kirki a maimakon tohon da ke fitowa daga ƙasa. Bayan ya rasu ban bar su sun yi ƙishirwa ba ko a watan Afrilu, lokacin da mu kanmu a gida muke lissafin ruwan girki.

Da Sallah ta zo ƴata ta matsa in je wurinta Maraɗi, saboda ita ce Sallar farko babu mahaifinta. Na ɗauki mai gadi, na biya shi jika 12 a hannu, na bar masa gero da sukari. Ranar da na dawo ban ko sauke kaya ba na nufi filin. Abin da na tarar ramuka ne a jere, an tone su da shebur cikin natsuwa, kowane rami da kusurwa huɗu, ga yagaggun buhunan siminti a gefe waɗanda aka naɗe saiwoyin da su. Wanda ya yi wannan aikin ba gaggawa yake yi ba, kuma ya san dashe. Manyan dogon yaron da suka fara ba da inuwa an sare musu duk wani miƙaƙƙen reshe, zogalen kuwa an zage shi tas, sai karan. Mai gadin ya rantse mini cewa Idi kawai ya je, daga baya na ji cewa tun jajibere bai sake kwana a wurin ba.

Bayan mako guda ina wucewa a kan babur sai na hango shuɗin ƙyallen nan a wurin wani mai sayar da dashe a bakin hanya. Na sauka, na ɗaga ganyen, na ga ɗaurin maigidana da idona. Mai sayarwar ya ce shi wasu samari ne suka kawo masa. Na kai maganar gaban manyan unguwa, aka bi sawu, sai ga shi ɗaya daga cikin samarin ɗan maƙwabtanmu ne, yaron da na sha ba shi tuwo a gidana. Nan aka taru a kaina da ban haƙuri, ana cewa ai itace ne kawai, kada in ɓata zumunci, za a biya ni kuɗin dashe. Wane kuɗin dashe? Sefa 1,500 ne ya sayi kowane ɗaya, amma ruwan shekara uku da aka zuba masa wa zai biya? Guda biyu na karɓo na mayar ramukansu, dukansu suka bushe kafin damina ta zauna. Tun daga ranar ban sake dasa ko tsinke ba.

Malama Zainabu

Allah ya jiƙan Alhaji, ya mayar miki da alheri, Hajiya. Abin da ya fi ci mini rai a labarinki shi ne wannan kalma ta “itace ne kawai”. Da ragon layya aka sace da ba wanda zai ce miki rago ne kawai, alhali rago wata uku ake kiwonsa a sayar.

Ɗan Garin Malam

Hajiya, ki gafarce ni, amma jika 12 na kwana goma an cuce ki tun daga farko. Kuma mangwaro mai aure a sefa 1,500 tsohon farashi ne, ni a watan jiya jika 3 aka ce mini.

Baban Nana

Na gode muku duka, Allah ya jiƙan Alhaji. Maman A'isha, itatuwan nawa a ƙasa suke, ba a tukwane ba, ba za su ɗauku ba. Har yanzu ina jiran wanda ya taɓa sa waya ya gaya mini ko ta hana.

Alhaji mai kayan gini

Waya tana hana akuya, ba ta hana mutum mai almakashin ƙarfe, wani lokaci ma ita kanta wayar ce ake kwancewa a tafi da ita. Duk da haka idan ka nace, naɗi ɗaya na mita 25 yana kai jika 30 a Kasuwar Dole, ban da ƙarafunan da za a kafa da kuɗin mai aiki.

Ɗan Sabon Gari

Alhaji, wannan farashin shagonka ne. Ni jika 18 na saya, wani abokina kuma ya sayo daga Kano a ƙasa da haka saboda faɗuwar naira. Amma ni shawarata ga Baban Nana ita ce ya ɗinka wa mangwaron shadda, ya yankar musu tikiti, su ma su je Magarya su gaishe da kaka.

Alhaji mai kayan gini

Wadda ka saya a jika 18 siririya ce, damina ɗaya take yi ta yi tsatsa.

Hajiya Inna ta Birni

Ɗan Sabon Gari, ranar da ka tsaya a kan ramin da ka shekara uku kana shayarwa za ka san cewa wannan ba wurin wasa ba ne.

Tsohon ma'aikacin gandun daji

Na yi aikin gandun daji har na ajiye, kuma ina so in ja hankalinku cewa Babbar Sallah ta bambanta da sauran hutu. A ƙasar nan muna gasa ragon layya gaba ɗayansa, a gicciye a kan sanduna kewaye da babbar wuta, saboda haka a kwanaki kaɗan kowane gida yana neman itacen wuta da miƙaƙƙun sanduna, masu raguna kuma suna neman ganye. Wannan ne ya sa dogon yaro da zogale suke shan wahala a makon, a lokacin da masu filaye suka watse zuwa garuruwansu. Dokar gandun daji mai lamba 2004-040 ta ranar 8 ga Yuni 2004 tana nan, kuma irin su gawo ba a sare su sai da izini. Tun kafin zuwan Turawa ma ana ba da labarin tsananin hukuncin da Sarkin Damagaram Tanimu yake yi wa wanda ya sare gawo, kuma wanda ya bi hanyar Matamaye ko Magarya yau zai ga yadda manoma suka raya gawo a gonakinsu har ya zama abin misali. Shawarata ita ce ka shafa wa gindin kowane itace fenti mai launin da ake hangowa daga nesa, ka ɗauki hotonsu da wayarka, ka sanar da mai unguwa tafiyarka, idan kuma aka yi ɓarna a kai ƙara, a daina sasantawa a zaure.

Mai lambu daga Mirya

Baba, da girmamawa, wannan shawarar ofis ce. Hajiya ta ga alamarta da idonta, me alamar ta hana? Ni a lambu aka haife ni, kuma ina gaya wa Malam cewa mangwaron da ya kusa shekara biyu a ƙasa ya riga ya sa babbar saiwa, idan aka tone shi a wannan zafi ba zai rayu ba, mai saye da ya san aikinsa ma ba zai karɓa ba. Lemun da gwaibar su ne abin tsoro idan ƙanana ne. Dogon yaron kuwa, ka riga ɓarawo: ka sa a rage miƙaƙƙun rassan da kyau kafin ka tafi, ka ɗauki na ragonka, ka raba sauran ga maƙwabtan filin, zogalen ma ka yanke shi zuwa gwiwa ka shanya ganyen, zai toho da ruwan farko. Wanda ya leƙo ta katanga bai ga abin ɗauka ba, ba zai haura ba. Kuɗin kuma ka ba ɗan garuwan da ya saba kawo maka ruwa, ka ƙara masa wani abu ya riƙa zuwa safe da yamma, domin ƙishirwar kwana goma ta fi ɓarawo saurin kashe su.

Tsohon ma'aikacin gandun daji

Yaro, na Hajiya shekara uku suka yi a ƙasa aka kuma tone su, saboda haka maganarka cewa ba a tone babba ta faɗi tun kafin ka faɗe ta. Ɓarawo ba ruwansa da ko itacen zai rayu, muddin ganyen yana kore a ranar da zai sayar. Sare rassan ƙaramin itace a tsakiyar bazara kuma ba abin da zan ba mutum shawara ba ne. Dashen da na rena a aikina ya fi wanda ka taɓa gani.

Mai lambu daga Mirya

Kun rena da ruwan gwamnati, Baba, mu kuwa da guga muke jawo namu. A tambayi mutane nawa ne daga cikin itatuwan da ake dasawa da biki kowace shekara suke kaiwa bazara ta biyu.

Malama Zainabu

Ku yi haƙuri da juna. Ni a makarantar da nake koyarwa, abin da muka dasa da yara a bara ba ɓarawo ne ya gama da shi ba, awakin unguwa ne da ake saki da safe ba mai bin su, sai kuma dogon hutu da babu mai ban ruwa. Idan ka yi wa mai akuya magana sai ya ce ka killace itacenka, kamar shi ba a ce ya ɗaure dabbarsa ba.

Maman A'isha ta Zango

Ban ruwan ma da wane ruwa, Malama? Mu a layinmu sai tsakar dare famfo yake kawowa, idan ya kawo, a tashi yara daga barci a jera bokitai. A makon jiya sefa 150 na sayi bido ɗaya, wato jarka guda, kuma mai garuwan ya ce kafin Sallah sai ya ƙara saboda wankin kayan ciki da na gida.

Ɗan Garin Malam

A wurinmu sefa 75 ne, Maman A'isha, sai dai idan na rijiya ne ya fi haka araha.

Alhaji mai kayan gini

A bayan gari inda filin Malam yake ba za ka samu a ƙasa da 200 ba, domin nisan da ake turo amalanke. Garin nan a kan dutse yake zaune, shi ya sa ruwanmu daga nesa ake jawo shi, daga Gogo da Macaya, daga Arunguza, daga baya aka ƙara Ganaram, amma unguwanni suna ta ƙaruwa kowace shekara, kuma sababbin filayen da ake yankawa ana sayar mana babu bututu ko ɗaya da ya isa can. Ni na haƙa rijiya a nawa filin, muka tarar da dutse, kuɗin ya tafi a banza. Wanda yake zaune a sababbin unguwannin nan ya gaya mana nawa yake kashewa a ruwa a wata, domin ina so in sani ko ni kaɗai ne nake biyan abin da ya fi kuɗin wutar lantarki.