Abin da masu dawakai suka ce kan haihuwar goɗiya

Da aka tattauna matsalolin cikin goɗiya, maganar da ta fi maimaituwa ita ce lokaci. Goɗiya takan ɗauki ciki kwana 340 ko kusa da haka, amma da faya ta fashe, haihuwar ba ta wuce minti 20 zuwa 30. In an kai nan ba a ga ƙafafun gaba biyu da hanci a kansu ba, a kira likitan dabbobi. Kada a ja ɗan da ƙarfi, sai dai a tayar da ita ta ɗan taka kafin likitan ya iso.

An daɗe ana magana kan matsalar da ake kira jar jaka. Abin da ya kamata ya fara leƙowa farar fata ce mai sheƙi. In ja ce mai kauri, mabiyiya ta rabu da mahaifa da wuri, ɗan ba ya samun iska. Nan kam babu jiran kowa, a yage ta nan take.

Bayan haihuwa, ɗan ya miƙe cikin awa 1, ya sha dakashi cikin 2, mabiyiya ta faɗi kafin 3. In ta maƙale, ba a fizgo ta, domin guntun da ya saura yakan ruɓe ya jawo ciwon kofato.

Tagwaye kuwa, da wuya su rayu. Shi ya sa ake yin hoton ciki wajen kwana 14 zuwa 16 da ɗaukar cikin, don a gane su da wuri. Hantsa ta cika ko nono ya zuba tun da sauran makonni, a yi zargin ciwon mahaifa, ni ma na fi yarda da masu cewa a duba ta a ranar.