Neman shawara: kwamfutar marigayi Babanmu ce, ina so in canza mata Windows amma ina tsoron rasa abin da ke ciki

Maman Husna

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, kwana uku ke nan maganar nan tana hana ni barci.

Kwamfutar cinya ce ta Babanmu, Allah Ya jiƙansa. Ya saye ta tun ina sakandare, kuma bai taɓa yarda wani ya taɓa ta ba. Ko ƙurar jikinta da kansa yake gogewa, da wani ɗan ƙyalle da yake ajiyewa a aljihun jakarta, ƙyallen ma yana nan har yau. Bayan rasuwarsa ta yi kusan shekara biyu a durowa, an rasa mai ƙarfin zuciyar buɗe ta. Da na samu shiga wani karatu da ake yi ta intanet, sai Yayanmu babba ya ce in ɗauka in yi amfani da ita. Ƙanwata ba ta so ba, ta ce ai ni komai na taɓa sai ya lalace, har muka yi kwana biyu ba ma magana. To yanzu idan wani abu ya ɓace kun san abin da za a ce.

Windows 7 ne a kanta. Shafin karatun ya ƙi buɗewa daidai, Chrome kuma ya ce ba zai ƙara sabuntuwa ba. Na kai wa wani mai gyara, ko kunna ta bai yi ba ya ce fomatin zai yi mata, wato ya goge komai ya ɗora sabo. Na ɗauko abata na dawo.

A ciki akwai hotunanmu tun muna yara, akwai muryar Baba da yake ɗauka yana karatu, akwai kuma wata manhajar lissafi da yake rubuta waɗanda yake bi bashi da masu binsa. Na kwashe komai daga C na mayar D, masu muhimmanci kuma na sa a filash. Tambayata, idan na sauke Windows 11 a filash ɗin na ɗora da kaina, zai goge min wani abu? Ranar Litinin za mu fara aji.

Auta

Wa alaikumus salam Anti. Allah Ya jiƙan Baba. Gara da kika ɗauko ta. Ni haka wani mai gyara ya yi min, na kai masa kibod kawai ya canza, na dawo na tarar ya goge min aikin kammala karatuna gaba ɗaya, wai ya ga tana nauyi ne ya taimaka min. Babi huɗu. Har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci.

Injiniya

Allah Ya jiƙansa da rahama. Hajiya, ki ajiye filash ɗin nan tukuna, kada ki sauke komai a kansa. Manhajar da ke shirya filash don ɗora Windows, ko ta Microsoft ce ko Rufus, share filash ɗin take fara yi tas. Wato abin da kika kira masu muhimmanci su za su fara tafiya.

Sannan C da D da kike gani, a yawancin kwamfutocin cinya faifai ɗaya ne aka raba shi biyu. Kamar ki kwashe kaya daga falo ki kai uwar ɗaka ne ki ce kin tsere wa gobara. Idan faifan ya mutu, C da D tare za su tafi. A yanzu dai ba ki da kwafin ajiya, ki sa wannan a ranki.

Windows 11 kuma ki manta da shi. Yana neman RAM (ƙwaƙwalwar aikin kwamfuta) 4 GB, wurin ajiya 64 GB, da guntun tsaro mai suna TPM 2.0, kuma a ɓangaren Intel sai furosesa daga zubi na 8 zuwa sama. Kwamfutar da ta zo da Windows 7 ba ta kai nan ba. Kin ba mu labarin ƙyalle amma ba ki faɗa mana RAM nawa ne ba. Ki danna Computer da maɓallin dama, ki zaɓi Properties, ki rubuto abin da kika gani.

Maman Husna

Na gode Injiniya. An rubuta Core i3, da 2.00 GB, da 32-bit. Amma maganar D, shi Baba a can yake ajiye abubuwansa tun asali, kuma sau biyu ana yi masa gyara babu abin da ya ɓace. Shi ya sa na bi yadda yake yi.

Injiniya

Bai ɓace ba ne saboda C kaɗai aka goge, faifan kuma yana da lafiya a lokacin. Sa'a ce aka yi.

Ga abin da za ki yi, kuma shi kaɗai ne daidai. Ki nemi faifan waje ki kwafe komai. Ki sa a cire tsohon faifan a ajiye shi yadda yake, a sa SSD, wato sabon nau'in faifai mai sauri, a madadinsa, a ƙara RAM ya kai 4 GB ko fiye idan kwamfutar za ta iya ɗauka. Sai a ɗora Windows 10 mai 64-bit a kan SSD ɗin. Daga 32 zuwa 64 ba a hawa kai tsaye, sai an ɗora sabo fil, shi ya sa sabon faifai ya fi. Tsohon kuma babu abin da ya taɓa shi, duk ranar da kika so sai a mayar da shi ki ga kwamfutar Baba yadda ya bar ta. Na yi wa kwamfutoci irin wannan ba adadi.

Baban Khalil

Injiniya kana wahalar da baiwar Allah. Ni daga 7 na hau 10 kai tsaye, na zaɓi a bar min fayilolina da manhajojina, babu abin da ya yi ciwon kai. Tsohon ma yana zama a wata folda mai suna Windows.old, kana da kwana 10 ka koma idan bai yi maka ba. Abin da ya ba ni haushi kawai firintata ce, masu ita ba su fitar da direban da zai yi da sabon ba, wato manhajar da ke haɗa ta da kwamfuta, tana nan a kan kabad yara suna ɗora littattafai.

Injiniya

Yaushe ka yi naka, Baban Khalil? Tun Satumban 2023 lambar lasisin Windows 7 ta daina kunna Windows 10. Sai ta nemi sabon lasisi. Kuma 10 a kan RAM 2 GB da tsohon faifai, kafin shafi ya buɗe an tashi daga ajin.

Mai Linux

Ni abin da ke ba ni mamaki, ana ta jayayya a kan Windows 10 kamar shi ma bai ƙare ba. An daina tallafa wa 7 ranar 14 ga Janairun 2020, shi kuma 10 ranar 14 ga Oktoban 2025. Daga gawa za a koma gawa ke nan. 'Yar'uwa, ki gwada Linux Mint, wani madadin Windows ne, nau'in Xfce, ba shi da nauyi kuma babu maganar lasisi. Daɗinsa ma kina iya kunna shi daga filash ba tare da kin ɗora ba, ki buɗe shafin karatunki da Firefox, manhajar shiga intanet irin Chrome, ki ga ko ya yi. Wani filash ɗin daban fa, ba wancan ba.

Injiniya

Akwai tsarin ƙarin shekara ɗaya na sabuntawar tsaro ga Windows 10, zuwa Oktoban 2026. Kuma manhajar lissafin mahaifinta a Linux ɗin naka za ta buɗe? Ku kowace cuta magani ɗaya kuke da shi.

Mai Linux

Shekara ɗaya, sai kuma me? A sake taruwa a nan?

Maman Husna

Don Allah kada ku yi faɗa a kaina. Linux ban san shi ba, kuma ba ni da lokacin koyon sabon abu kafin Litinin. Manhajar lissafin kuma ba matsala, na riga na kwafe ta a filash, ɗan hotonta da ke kan fuskar kwamfutar na jawo na saka. Maganar cire faifai ce ba na so. Ba na son a kwance ta. Idan ƙanwata ta ji an buɗe cikinta shi ke nan.

Malama Zee

Maman Husna, wannan ɗan hoton ba shi ne manhajar ba, alama ce kawai da ke nuna hanyar zuwa inda take. Ki duba girmansa, za ki ga bai wuce KB ɗaya ko biyu ba. Ita manhajar sai da CD ko fayil ɗin da aka ɗora ta da shi, bayanan bashin kuma suna cikin wani fayil daban, wataƙila a foldar manhajar ko a AppData, wadda a ɓoye take. Tun tana buɗewa, ki shiga ki ga ko tana fitar da rahoto zuwa Excel ko PDF. Idan ba ta yi, ki ɗauki hoton kowane shafi da wayarki yau ɗin nan. Haƙƙin mutane ne a ciki.

Ni a ganina ma ki bar ta yadda take. Chrome ya tsaya a 109 a kan Windows 7, amma Firefox ya kai 115, ki gwada shi ko shafin zai buɗe ki samu ki shiga ajin farko. Sauran a yi a natse.

Injiniya

Malama, maganar rahoton daidai ce. Amma ki ce ta hau intanet da Windows ɗin da tun 2020 ba a toshe masa ƙofa ba, a kan faifan da ke ɗauke da kwafi ɗaya tilo na muryar mahaifinta? A'a.

Auta

Anti ki zuba a Google Drive mana, ni tun abin da ya same ni can nake sa komai.

Maman Husna

Auta na gwada, 15 GB suke bayarwa kyauta, hotuna da muryoyin kuma sun haura 60 GB. Filash ɗin ma 16 ne, shi ya sa na zaɓi wasu. Malama na duba, gaskiyarki ne, 2 KB ne. Jikina ya yi sanyi.

Wani abu kuma da ban faɗa ba don ban ɗauka yana da alaƙa ba. Lokacin da nake mayar da kayan D, takan yi wata 'yar ƙara ƙas ƙas daga ƙasan kibod, sai ta sandare kamar minti ɗaya sannan ta ci gaba. Hotuna kaɗan ma sun ƙi kwafuwa, na tsallake su. Amma ai tun Baba yana da rai takan yi ƙara wani lokacin.

Injiniya

Innalillahi. Hajiya, wannan ce maganar da ya kamata ki fara da ita, ba ta ƙanwarki ba. Faifan ne yake mutuwa. Hotunan da suka ƙi kwafuwa sun faɗa wurin da ya riga ya lalace. Ki kashe ta yanzu. Kada ki ɗora komai, kada ki gwada Firefox, kada ki sake kunna ta sai faifan waje yana hannunki. Idan kin kunna, muryoyin farko, sai rahoton bashin, sai hotuna, kaɗan kaɗan. Duk wata kunnawa daga yanzu tana rage masa kwana.

Baban Khalil

Wani abokina ya ce idan aka naɗe faifan a leda aka sa a firiza na dare ɗaya yana farfaɗowa.

Injiniya

Kada ki kuskura. Raɓa ce za ta taru a cikinsa ta ƙarasa shi.

Mai Linux

A nan ma dai da za ta tashe ta daga filash, faifan zai huta da ɗaukar Windows, kwafi kawai zai yi. Kuma ni da na samu, kwafin faifan gaba ɗaya zan ɗauka da manhajar Clonezilla, har manhajar lissafin ta shiga ciki.

Injiniya

Ka sa faifai mai ƙara ya karanta kansa daga farko har ƙarshe? Idan ya tsaya a rabi fa? Masu muhimmanci tukuna.

Maman Husna

Na gode muku duka, Allah Ya saka da alheri. Amma gaskiya ban ga alamar mutuwa take yi ba, jiya ma na saurari karatun Baba a kanta kusan awa ɗaya lafiya lau. Faifan waje kuma sai na yi magana da Yaya, yana tafiya sai ƙarshen wata. Yanzu dai na kunna ta ina ɗaukar hoton shafukan bashin kamar yadda Malama ta ce. Idan na gama zan ɗan gwada Firefox ɗin sau ɗaya kawai, saboda Litinin.

Baban Khalil, wannan hawa kai tsayen da ka yi, awa nawa ya ɗauka?

Malama Zee

Maman Husna, a filash ɗin nan muryoyin kika sa ko hotuna?